Kyan Ɗan Maciji: Salansar Gefe Da Ƙunar Da Take Jawowa

A wannan mako filin namu na motoci zai ƙetare teku zuwa Amurka da Ingila, domin mu duba wata irin mota wadda masu ita ke ƙauna kamar ransu, alhali kuwa ita ba ta san sabo ba. Watau tsofaffin motocin tsere masu kujera biyu, waɗanda maƙeransu suka bi da bututun hayaƙinsu ta gefe, a ƙarƙashin ƙofa, maimakon su bi da shi ta ƙarƙashin ciki ya fita ta baya kamar yadda aka saba. Biyu daga cikin waɗanda suka fi shahara sunayen macizai gare su. Ɗaya ana ce da ita Cobra, watau gamsheƙa, ɗayar kuwa Viper, watau kububuwa. Masu Cobra har sun raɗa wa ƙunar da salansarta ke yi wa mutum a sharaɓa suna, suna kiranta saran maciji, kuma a tsakaninsu abin ya zama na raha, wanda ya ɗanɗana yana yi wa wanda bai ɗanɗana ba albishir cewa ranarsa na nan tafe.

To, mu dai ba mu ga abin dariya a ciki ba. Ƙuna ce wadda kan ci fata har ƙasa, ta kwantar da mutum makonni, wani lokaci ma sai likita ya yanko fata daga cinya ya yi faci. Abin da ya fi damunmu kuma shi ne, galibi wanda ya sayi motar ba shi ne ke biyan wannan bashi ba.

Kafin mu shiga zancen zafi, ya kamata mu san yadda aka yi salansa ta baro mazauninta ta dawo bakin ƙofa. Akwai wani Ba'amurke mutumin jihar Teksas, Carroll Shelby, direban tsere ne wanda ya ci gasar nan ta awa 24 da ake yi a Le Mans ta ƙasar Faransa cikin 1959, sa'an nan ciwon zuciya ya tilasta masa barin tsere a 1960. Da ya ga tuƙi ya fi ƙarfinsa sai ya koma ƙira. A 1961 ya aika da takarda ga kamfanin AC na Ingila, wanda ke ƙera wata 'yar mota marar nauyi mai suna Ace, ya nemi su ba shi gangar jikinta, shi kuwa ya samo mata inji mai silinda takwas daga kamfanin Ford. Cikin 1962 aka haifi Cobra. Shekara uku bayan haka, watau a 1965, aka cusa mata ƙaton inji mai lita 7, wanda ake kira 427, mai ƙarfin doki sama da 400, a cikin motar da nauyinta bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba.

Babban inji kuwa babban numfashi gare shi, kuma tilas a sama wa hayaƙinsa hanya mai faɗi, gajera, marar yawan lanƙwasa, in ana so ya ba da iyakar ƙarfinsa. Ga shi motar kwance take a ƙasa, tsakanin cikinta da kwalta bai kai taƙi guda ba. Saboda haka a motocin da aka shirya domin tsere sai aka fito da bututu huɗu daga kowane ɓangare na injin, ta bayan tayar gaba, suka haɗe cikin babban bututu guda mai kaurin dantsen ƙato, ya miƙe a ƙarƙashin ƙofa, ya ƙare a gaban tayar baya. Dabara ce mai kyau ga fagen tsere. Ta rage nauyi, ta kawar da zafi daga tankin mai, kana makaniki na iya kai hannu gare ta ba sai ya kwanta ƙarƙashin mota ba. A can babu fasinja, direba yana cikin kayan tsere tun daga wuya har idon sawu, duk wanda ke kusa da motar kuma ya san halinta.

Matsala ta faro ne ranar da kayan fage suka hau titi. Hukumar tseren motoci ta duniya ta gindaya sharaɗin sai an ƙera guda 100 kafin ta amince da 427 a ajin da Shelby ke nema. Da masu dubawa suka zo, motocin ba su cika ba, aka hana shi. Sai ya rage da motocin tsere a ajiye babu mai saye, ya ɗauki guda 31 ya ɗan rage musu kaifi, ya sa musu gilashin gaba, ya sayar da su a matsayin motocin titi, da salansarsu ta gefe yadda take. Sauran 427 ɗin da aka ƙera musamman domin titi kuwa, ta ƙarƙashi aka bi da salansarsu ta fita ta baya, kamar ta kowa. Wannan magana tana da muhimmanci, domin dukkan Cobra na asali da aka ƙera tsakanin 1962 da 1967 ba su cika dubu ɗaya ba, amma na kwaikwayo da kamfanoni irin su Factory Five na Amurka da Superformance, wanda ake haɗa motocinsa a Afirka ta Kudu, suka fitar sun ninka wannan adadi sau da yawa, kuma akasarinsu siffar waɗancan 31 ɗin suke kwaikwayo. Ashe ke nan abin da aka yi a kan tilas domin kada a yi asarar kaya, shi ne ya zama ado wanda dubban mutane ke tsallakawa a kullum.

Sai mai karatu ya kwatanta yadda ake fita daga irin wannan mota. Kujerar tana ƙasa ƙwarai, kamar mutum ya zauna a kan tabarma ya miƙe ƙafa. Ƙofar 'yar ƙarama ce, dokin ƙofar kuwa mai faɗi da tudu. Wanda ya saba da motar yau da kullum, abin da jikinsa ya sani shi ne ya buɗe ƙofa, ya zuro ƙafa, ya sauke ta a ƙasa dab da mota, sa'an nan ya yunƙura. To, daidai wurin da ƙafar za ta sauka, nan bututun yake kwance, kuma daidai tsayin sharaɓa. Mafi muni, a lokacin da fatar ta taɓa ƙarfen, nauyin mutum ya riga ya koma kan wannan ƙafa, hannuwansa kuma suna dafe da kujera da ƙofa. Wanda ya taɓa tukunya da yatsa yakan fizge hannunsa kafin ma ya san ya taɓa. Mai fitowa daga rami ba shi da wannan dama, sai ya gama miƙewa kafin ya iya janye ƙafar, kuma wannan ɗan lokaci ya ishi ƙarfe aiki.

Bari mu ɗan kawo lissafi, domin a san girman abin. A 1947 wasu masana biyu na Jami'ar Harvard, Moritz da Henriques, suka auna tsawon lokacin da fata ke iya jure zafi kafin ta lalace, kuma har yau da ma'auninsu ake aiki. Sun gano cewa a digiri 44 na ma'aunin Salsiyas sai an yi wajen awa shida kafin fata ta mutu. Daga nan zuwa digiri 51, duk ƙarin digiri ɗaya yana raba lokacin biyu. A digiri 60 'yan daƙiƙoƙi ne kawai, a digiri 70 kuwa ko daƙiƙa ɗaya ba a cikawa. Shi kuwa hayaƙin da ke fitowa daga silindar injin fetur, in ana aiki da injin sosai, yakan kai digiri 700 zuwa 900. Kafin ya iso ƙarƙashin ƙofa ya ɗan huce, amma jikin bututun bai rasa ɗaruruwan digiri ba, musamman a gaba inda bututun nan huɗu suke haɗuwa. Ruwa dai a digiri 100 yake tafasa. Duk wanda ya taɓa ganin aikin tafasasshen ruwa a jikin mutum sai ya ninka zafin sau biyu ko uku, ya ɗora shi a kan ƙarfe, wanda ke zuba zafinsa cikin fata gaba ɗaya ba tare da jinkiri ba.

A nan ne muke so mu daɗe, domin a nan yaudarar take. Wuta tana da harshe, garwashi yana da ja, tafasasshen ruwa yana da tururi, kowannensu yana yi wa ido gargaɗi. Ƙarfe ba ya fara yin ja sai zafinsa ya haura digiri 500, kamar yadda kowane maƙeri ya sani ko da bai taɓa riƙe ma'auni ba. Ƙasa da haka, bututun da ke da digiri 300 da wanda ya kwana cikin raɓa kamarsu ɗaya. Akwai wani launi mai ruwan ɗorawa ko shuɗi da kan bayyana a jikin salansa, wanda wasu ke ɗauka alama ce. Gaskiya ne ƙarfe ba ya yin wannan shuɗi sai ya taɓa kaiwa wajen digiri 300 ko fiye, amma launin ba ya gushewa bayan an huce. Labarin jiya yake bayarwa, ba shi da abin cewa game da yanzu.

Sa'an nan ga sharrin ƙyalli. Masu waɗannan motoci suna son a shafe bututun da kurom, ya riƙa walƙiya kamar madubi. Abin da da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ƙarfe mai sheƙi ba ya fitar da hucinsa waje kamar baƙin ƙarfe marar ƙyalli. Baƙar salansa, in mutum ya matso kusa, yakan ji hucinta a ƙwauri ya ja da baya. Mai ƙyalli kuwa takan riƙe zafinta a jikinta, ka kai hannu kusa ka ji kamar ba komai, kuma takan fi daɗewa kafin ta huce. Hatta na'urar nan da ake haska wa abu daga nesa ta faɗi zafinsa, in an haska ta a kan kurom takan ba da adadin da bai kai na gaskiya ba. Wannan shi ne kyan ɗan maciji na ainihi.

Yaudara ta uku kuwa ita ce shiru. Muddin injin yana ruri, kowa yana kaffa-kaffa da motar, domin ƙarar salansar gefe kaɗai ta isa ta kori mutum. Da zarar an kashe makulli sai hankali ya kwanta, a ɗauka an gama. Alhali kuwa a lokacin tafiya iska ce ke bugun bututun tana kwashe zafinsa, da tsayawa kuma iskar ta yanke, zafin da ke ƙunshe a ciki ya ci gaba da tsattsafowa waje. Shi ya sa murfin salansa da dokin ƙofa kan fi zafi 'yan mintoci bayan tsayawa fiye da lokacin da ake gudu. Watau lokacin da haɗarin ya kai ƙarshe ya zo daidai da lokacin da ake buɗe ƙofa. A ganinmu, motar da ta yi doguwar tafiya, ko bayan rabin awa da kashe ta bai kamata a amince da gefenta ba.

Manyan kamfanoni sun san da wannan tun tuni, kowa kuma ya nemi mafita gwargwadon iyawarsa. Chevrolet ya sayar da Corvette mai salansar gefe ga wanda ya nema daga 1965 zuwa 1967, da kuma 1969, amma bai taɓa barin bututun tsirara ba, sai da ya lulluɓe shi da murfin ƙarfe. Viper kuwa, wadda kamfanin Dodge ya fito da ita a 1992 da niyyar ta gāji Cobra, har shi Shelby yana cikin masu ba da shawara, an ɓoye bututunta ne a cikin dokin ƙofa. Sai dai injin nata mai silinda goma ne da lita 8, ga kuma tukunyar tace hayaƙi, wadda makanikanmu ke kira indomi, ita ma an cusa ta a wannan lungu, kuma aikinta ba ya yiwuwa sai da zafi mai tsanani. Dokin ƙofar kansa ya koma tanda, har kamfanin ya manna takardar gargaɗi a bakin ƙofa. A 1996 aka mayar da salansar baya, a 2003 aka dawo da ita gefe, haka kuma ta zauna har aka daina ƙera motar a 2017. Mai saye yana son abinsa, kamfani kuma ciniki yake nema.

Yanzu sai mu zo ga tambayar da ta sa muka ɗauko wannan zance: wa ke ƙonewa? Mai mota sau ɗaya yakan ƙone. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma daga ranar da ya ɗanɗana, ƙafarsa ta koyi tsallake ko yana barci. Waɗanda ba su da wannan ilmi su ne matarsa da ya ɗauka yawon shan iska, da abokin da ya roƙi a ɗan zaga da shi, da yaron gidan mai da ya matso zai goge gilashi, da ƙaramin yaron da ya hango abu mai walƙiya daidai tsayin hannunsa a wurin bikin nuna tsofaffin motoci. A irin waɗannan bukukuwa, kamar na Goodwood da ake yi kowane watan Satumba a kudancin Ingila, motoci kan fito daga fage da zafinsu su tsaya inda jama'a ke kai da kawowa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan mutane da ya zaɓi a bi da salansa ta gefe. Wanda ya zaɓa shi ne ya san sirrin, don haka nauyin yana wuyansa shi kaɗai.

Hujjar da wasu masu motocin ke kawowa ta ƙin sa kariya ita ce wai tana ɓata siffar asali. Ga wanda ya mallaki ɗaya daga cikin 31 ɗin nan, wadda kuɗinta ya haura dala miliyan ɗaya, ana iya sauraren wannan magana, domin a kasuwar tsofaffin motoci ko ƙusa aka canza farashi na iya motsawa. (Wanda ke mamakin wannan kasuwa sai ya tuna cewa a 2022 an sayar da wata Mercedes-Benz 300 SLR ƙirar 1955, ita ma mai fitar da hayaƙi ta gefe, a kan Yuro miliyan 135.) Amma irin waɗannan motoci a ɗaki suke kwana, ba a zuwa cefane da su. Wanda tasa ta kwaikwayo ce, gangar jikinta ta faiba, injinta na jiya-jiya, wace asali yake karewa? Ya yarda a sa masa birki na zamani da bel na zamani, amma da aka zo kan abin da zai tsare ƙafar baƙonsa sai ya tuna da tarihi. Mu wannan ba mu kira shi son tarihi ba.

Kariyar da ta fi amfani kuwa ba ta da wuyar fahimta. Faranti ne na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai huji-huji, lanƙwasasshe, wanda ake ɗaurawa a kan bututun amma a bar rata a tsakaninsu. Ratar nan ita ce maganin, domin iska ba ta ɗaukar zafi daga wannan abu zuwa wancan da sauri kamar ƙarfe, kuma tana ratsawa ta hujojin tana sanyaya farantin. Sharaɗinsa biyu ne. Na farko, ya rufe duk inda ƙafa za ta iya bi, har zuwa gaba wajen mahaɗar bututun, ba 'yar tsakiya kaɗai ba. Na biyu, kada ya taɓa bututun sai a 'yan wuraren ɗauri, domin farantin da aka taka ya lotsa ya manne da salansa ya zama salansa. Ko da an sa shi daidai yana yin zafi, sai dai zafin da zai sa mutum ya yi tsalle ya tsira da fatarsa.

Sauran dabarun ba su kai wannan ba. Akwai shafen tangaran da ake fesa wa bututu ciki da waje, yana hana tsatsa, yana kuma rage zafin jikin ƙarfen. Amma a ce ma ya rage kashi ɗaya cikin uku, abin da ya saura ya zarce digiri 70 ɗin nan nesa ba kusa ba, kuma haɗarinsa shi ne yakan sa mai mota ya saki jiki. Akwai kuma tsumman nan marar cin wuta da ake naɗe bututu da shi kamar rawani. Yana rage kaifin taɓawa, amma yana riƙe ruwa ya cinye ƙarfen da tsatsa, in kuma ya sha baƙin mai yana iya kamawa da wuta. Wanda ya sayi tsohuwar mota ya tarar da tsohon naɗi a jikinta sai ya yi hattara wajen warware shi, domin a da da asbestos ake yin irinsa, ƙurarsa kuwa tana lalata huhu. Bugu da ƙari, lafiyar injin ma tana da hannu a ciki. Idan tartsatsin fulogi yana makara, ko iska ta rinjayi mai a cikin silinda, hayaƙin kan fito da zafin da ya wuce ƙa'ida. Salansar da ɓangarenta ɗaya ya yi shuɗi da wuri fiye da ɗayan tana neman makaniki ne.

Bayan ƙarfe sai ɗabi'a. Mai mota ya faɗa wa baƙonsa kafin a shiga, ya kuma sake faɗa masa da zarar an tsaya, kafin hannu ya kai ga ƙofa, domin wanda aka yi gudu da shi cikin iska da ƙara ya riga ya manta da gargaɗin farko. Abin da ya fi ma shi ne ya ce masa ya zauna tukuna, shi ya fita, ya zagayo, ya buɗe ƙofar, ya miƙa masa hannu. Tun da yawancin motocin ba su da rufi, hanyar fita ita ce mutum ya miƙe tsaye a cikin motar, ya dafa, sa'an nan ya yi dogon taki ya sauke ƙafa can nesa da bututun, kamar mai tsallake kwata. Haka kuma wajen komawa ciki bayan an tsaya shan mai, domin a nan ma ana samun sara. Wasu masu hankali kan ajiye guntun fata mai kauri, ko bargon masu walda, su shimfiɗa a kan bututun kafin fasinja ya fito. Tufafi ma suna da nasu rabo. Dogon wando na auduga mai kauri da takalmi mai rufe idon sawu suna ba da 'yar daƙiƙar da ake bukata. Yadin roba kuwa, irin su nailan, narkewa yake yi ya manne da fata, ya mai da ƙaramar ƙuna babba. Kada kuma a ajiye motar a kan busasshiyar ciyawa.

Mai karatu na iya cewa, to mu ina ruwanmu da motar da ba mu taɓa gani ba sai a hoto? Amsa ita ce wannan ƙarfe yana nan tare da mu, sai dai a kan taya biyu. Akasarin babura salansarsu tana ɓangaren dama ne, kuma duk wanda ya san garuruwanmu ya san tabon nan mai siffar ƙwai a sharaɓar dama, wanda ya fi yawa a jikin mata da yara, watau fasinjoji, ba masu tuƙi ba. Dokar ɗaya ce: a sauka ta hagu, a sauke yaro da hannu kada a bar shi ya zame da kansa, kuma farantin kariyar da ya zo da babur, in ya kwance a ɗaure shi, kada a jefar. Har ila yau akwai manyan motocin nan na Mercedes ƙirar G63 da ake gani a Abuja da Legas, waɗanda bakin salansarsu ke leƙowa ta gefe a gaban tayar baya, kusa da inda yaro ke zuro ƙafa in zai sauko daga kujerar baya.

In kuwa ƙaddara ta riga fata, abin yi na farko shi ne ruwa. A zuba ruwa mai sanyi, na famfo ko na randa ko na leda, yana kwarara a kan wurin har minti 20 cur, a duba agogo, domin mai jin zafi minti uku kan yi masa kamar ashirin. Zafin da ya shiga nama yana ci gaba da cinsa bayan an rabu da ƙarfen, ruwan ne ke tsayar da shi, kuma yana da amfani ko da an yi jinkirin da bai wuce awa uku ba. Ban da ƙanƙara, domin tana tsuke jijiyoyin jini ta ƙara kashe fatar. Ban da ɗanyen ƙwai, da man goge baki, da manja, da gishiri, da baƙin mai, waɗanda ba su da aikin da ya wuce shigar da ƙwayoyin cuta da wahalar da ma'aikacin asibitin da zai wanke ciwon. Tufar da ta manne kada a fizge ta, a yanke kewayenta. Bororon da ya tashi kada a fasa shi. A rufe wurin da ledar nan marar kauri ta rufe abinci, ko tsumma mai tsabta marar gashi, ba tare da an ɗaure tam ba.

Ƙunar salansa tana da wani hali da ya kamata a sani: takan fi zurfi fiye da yadda ido ya gani a ranar farko, sai bayan kwana biyu ko uku ainihinta ke bayyana. Wadda ke da ja tana raɗaɗi, da sauran rai a fatar. Wadda tsakiyarta ya yi fari ko ya yi tauri kamar ƙirgi, mai ita kuma ya ce ba ya jin zafi sosai, ita ce abin tsoro, domin jijiyoyin da ke jin zafin ne suka ƙone. Irin wannan, da wadda ta kai faɗin tafin hannun mai ita, da wadda ta hau kan gaɓa, da duk wadda ta sami ƙaramin yaro ko tsoho ko mai ciwon sukari, asibiti za a nufa a ranar, a kuma tambayi allurar rigakafin sarƙewar haƙora. Ƙasan gwiwa wuri ne mai jinkirin warkewa, saboda jini ba ya zagaya shi kamar fuska ko hannu, don haka a riƙa ɗaga ƙafar a kan matashi in an zauna. Ciwon da ya wuce mako biyu zuwa uku bai rufe ba, galibi yakan bar tabo mai tudu, abin da baƙar fata ta fi saurin yi, kuma a nan ne likita kan yi maganar faci.